Mitar Gwajin Ruwa da Rijiyar Inna

Rijiyar gidanmu na unguwar Congo-Russia a Jos ta girme ni da shekara biyu. Mahaifina ne ya haƙa ta, shi da abokansa uku da suka yi aikin kuza tare, mutanen da shiga cikin ƙasa bai dame su ba. Da suka kai gaba huɗu suka ci karo da dutse, suka yi kusan wata guda suna fama da shi da diga da guduma kafin ruwa ya ɓullo. Tun daga ranar ba ta taɓa ƙafewa ba. In rani ya tsananta takan ja ƙasa har sai an ƙara igiya, amma guga bai taɓa dawowa wayam ba. Ruwanta yana da ɗan nauyi a baki, kuma sabulu ba ya saurin kumfa a cikinsa. Mu da muka tashi da shi ba ma ji. Baƙi ne ke kurɓa su ce, "Ruwan nan naku da ɗan zartsi."

Bayan rasuwar mahaifina ƙannena suka watse, wasu aure ya kai su, wasu aiki, ni kuma na koma unguwar Daɗin Kowa kusa da makarantar da nake koyarwa. Inna, mahaifiyarmu, ta ƙi barin gidan. Akwai wani tela da matarsa da ke haya a ɗakunan waje, saboda haka ba ita kaɗai take kwana ba. Amma abin da ke cika mata gida rijiyar ce. Gari na wayewa matan layin za su fara shigowa da bokitai, musamman da rani in famfo ya yi makonni bai kawo ba. Inna na zaune a ƙofar ɗakinta a kan kujera 'yar tsugunno, ta lulluɓa da mayafi biyu saboda sanyin safiya, tana amsa gaisuwa. A nan take jin wadda ta haihu, da wanda aka kwantar a asibiti, da yadda tumatir ya yi a kasuwa. Ba ta taɓa hana kowa ruwa ba.

A wani watan Fabrairu, lokacin hutun tara a makaranta, wani mutum mai tallar matatar ruwa ya shigo ɗakin malamai da jaka. Ya jera kofunan gilashi a kan tebur, ya zuba ruwan famfon makaranta a ɗaya, ruwan leda a ɗaya, ruwan da ya bi ta matatarsa a na ukun. Sai ya zaro wani abu daga aljihu kamar biro mai kauri, fari, da ɗan gilashin lamba a jikinsa. Ya cire murfin, ya tsoma bakinsa a kofi na farko. Lamba ta fito nan take.

"Wannan ita ce mitar gwajin ruwa," in ji shi. "Lambar da kuke gani, yawan dattin da ke cikin ruwan ne. In ta haura ɗari uku, to ƙoda ce ke shan wahala."

Ni Hausa da tarihi nake koyarwa, kimiyyata ta tsaya tun aji uku. Amma abin ya burge ni. Ga tambayar da mutum zai shekara yana zullumi a kanta, ga amsa cikin ƙiftawar ido, kuma da lamba. Ban sayi matatar ba. Mitar na saya.

Sati biyu babu ruwan da na bari. Na gwada na burtsatsen gidan da nake haya, hamsin da takwas. Na gwada ruwan leda iri huɗu. Na gwada na butar masallacin unguwa da na tankin maƙwabcina. Matata ta ce saura miya. Na yi dariya, amma a raina jin kaina nake kamar wanda aka ba wa ido na uku.

Ranar wata Asabar na tafi gaida Inna, mitar na aljihun gaban rigata. Na isa wajen azahar. A tsakar gida akwai bokitin ruwa da aka ja tun safe aka bari a rana don wanki. Bayan mun gaisa na durƙusa na tsoma mitar. Lambar ta yi ta hawa, ta tsaya a ɗari huɗu da saba'in.

Inna ta yi shekaru tana kukan ciwon baya. Nan take na haɗa ciwon da maganar mai talla, na ga kamar na gano abin da likitoci suka kasa ganowa.

"Inna, ruwan nan ba na sha ba ne," na ce.

"Tun yaushe?"

"Ga shi na gwada. Ɗari huɗu da saba'in."

"Ɗari huɗu da saba'in na mene ne?"

Na sake duba mitar. "Na datti."

Ta leƙa bokitin. Ruwa ne garau, ana hango gindin bokitin har da 'yar tsatsar da ke gefe. Ta ce, "To."

Ni ne ɗanta na fari. Ba ta kiran sunana, "Yayansu" take ce mini, kuma ba ta jayayya da ni, musamman tun da mahaifina ya rasu na zama babba a gidan. Da ɗan autanmu ne ya zo da maganar, da ta kore shi da muciya. Ni sai ta ce to. Na san haka sarai, kuma na yi amfani da shi.

Rijiyar tana da murfin ƙarfe da mai walda ya yi mana tun muna yara. Na fita bakin titi na sayo kwaɗo na datse. Na so in bar wa Inna makullin don wanki da wanke-wanke, sai na tuna mace ta farko da za ta yi sallama da bokiti za ta buɗe mata. Na jefa shi a aljihu. A hanyar dawowa daga sayen kwaɗon na tare wani mai kura, dattijo mai furfura a gemu, yana tura jarkokin ruwa. Na roƙe shi ya buɗe ɗaya na tsoma mitar. Sittin da huɗu. Na ji sanyi a raina. Muka yi magana zai riƙa kawo wa gidan ruwa kullum da safe.

Na koma Daɗin Kowa ranar ina jin na yi wa mahaifiyata babban gata.

Asabar ta gaba na tarar da simintin bakin rijiyar a bushe. Ban taɓa ganinsa a bushe ba tun da na yi wayo. Gansakukar da ke gefensa ta fara komawa ruwan ƙasa. Kujerar Inna na jingine da bango, ita kuma tana cikin ɗaki. Na tambaye ta ruwan mai kura, ta ce yana da daɗi, ba nauyi. Na tambaye ta ciwon baya, ta ce da sauƙi. Ko da ba sauƙi haka za ta ce.

A sati na biyu na ga ta ɗan faɗa. Matar tela ce ta biyo ni zaure da zan fita, ta ce, "Malam, Inna fa ta yi kwana uku cikinta na damunta. Mun haɗa mata ruwan gishiri da sukari, maigidana ya karɓo magani. Ta ce kada a gaya maka." Na koma na tambayi Inna, ta ce zafin gari ne, ya ma wuce. Na je randa na ɗebi ruwan mai kura na gwada. Sittin da shida. Na ce a raina, to ba daga ruwa ba ne.

A sati na uku Inna ta kira ni a waya, abin da ba ta cika yi ba. Ta ce, "Yayansu, in za ka zo Asabar ka zo da wuri. Mama na son ganinka. Ta ce ka taho da biron nan naka da makulli."

Mama maƙwabciyarmu ce tun ina yaro. Gidansu na fuskantar namu, da 'ya'yanta muka yi wasan ƙasa, a gidanta na fara cin shinkafar Kirsimeti. A shekarun da gari ya rikice ta tashi ta koma can gaba, tsallaken titi, amma ba ta daina zuwa gaida Inna ba. Ta yi shekara wajen talatin tana aiki a ɗakin gwajin ruwa kafin ta yi ritaya. Na san wannan tun ina ƙarami, irin sanin da mutum ke yi wa abu ya ajiye shi bai taɓa ɗauka ba. Ko sau ɗaya bai zo mini in tambaye ta ba.

Na isa da hantsi na tarar da su zaune a inuwar ɗaki. Na durƙusa na gaishe su. Hausar Mama irin ta Jos ce, mace da namiji duk "ya" ne a bakinta, kuma ba ta kwana-kwana.

"Ɗana, Hajiya ya ce ka kulle rijiya. Kawo mitan in gani."

Na miƙa mata. Ta sa tabarau, ta cire murfin, ta nuna mini wasu ƙananan ƙarafa biyu a bakin mitar.

"Ka ga wannan biyu? Shi ke nan aikin duka. Yana tura ƙaramin wuta daga wannan zuwa wannan ta cikin ruwa. In akwai gishiri da ya narke a ruwan, wuta zai wuce da sauƙi, lamba ya hau. In babu, lamba ya sauka. Daga nan sai ya yi lissafi, ya yi kintace. Bai san ko wane irin gishiri ba ne. Je ka kawo kofi huɗu."

Na kawo. Ta sa na cika uku da ruwan mai kura daga randa. Ta tsoma mitar a na farko, sittin da biyar. Ta karɓi sukari a hannun Inna, ta zuba cokali biyu cike, ta juya har ya narke.

"Yanzu akwai abu a ciki ko babu?"

"Akwai."

"Gwada."

Na gwada. Sittin da huɗu. Na girgiza mitar na sake tsomawa. Ba ta canza ba.

A kofi na biyu ta tsinci gishirin miya da yatsu biyu ta barbaɗa. Lambar ta haura dubu har tana ƙiftawa. "Wannan in ka sha zai kashe ka?" ta tambaya. Na ce a'a, ko miyar jiya ta fi shi gishiri.

Sai ta miƙe da kofi na uku ta nufi bayan madafa, inda Inna ke ajiye kaskon ruwan kaji. Kajin sun shiga cikinsa da ƙafafunsu tun safe, har da kashi a gefe. Ta tsoma ƙarshen cokali a kaskon, ta ɗiga a kofin, ta juya. Ruwan bai canza kala ba. Ta miƙo mini na gwada. Sittin da bakwai.

"Lamba mai kyau," in ji ta. "Bismilla, sha."

Na tsaya riƙe da kofin. Inna ta kau da kai tana gyara bakin mayafi. Na san dariya take ɓoyewa don kada ta kunyata ni.

"Ƙwayan cuta ba ya ɗaukan wuta," Mama ta ce. "Ko sun cika kofin, mitan ba zai gan su ba. Kananzir ma haka. Maganin feshi na gona ma haka. Kawo makulli."

Na buɗe kwaɗon. Murfin ya yi ƙara da na ɗaga shi, sanyin rijiyar ya bugi fuskata. Na jefa guga na jawo, na cika kofi na huɗu. Ɗari uku da casa'in da biyar.

"Ranar nan ɗari huɗu da saba'in na gani," na ce.

"A ina ka gwada?"

"A bokiti."

"Bokitin yana rana ko inuwa?"

"Rana," na ce. Ta sa Inna ta ɗora ruwan rijiyar a buta a kan risho, ya ɗan yi ɗumi kawai, yadda za a yi wa jariri wanka. Na tsoma mitar. Ɗari huɗu da tamanin. Ruwa ɗaya, guga ɗaya, mintuna kaɗan tsakani.

"Ruwa mai ɗumi ya fi barin wuta ya wuce," ta ce. "Sun rubuta a kwali wai mitan yana gyara wannan da kansa. Wasu suna yi, in ka jira. Masu arha ba su cika yi daidai ba. Kuma tun da ka saya ka taɓa saita shi?"

Ban ma san ana saita ta ba.

Na tambaye ta, to ke nan ruwan rijiyar lafiya lau yake? Ta cire tabarau ta dube ni.

"Ban ce ba. Ni ma ban sani ba. Kai ma ba ka sani ba, bambancinmu ke nan, kai ka sa kwaɗo. Lamba mai yawa a rijiyan cikin gari wani lokaci daga dutse ne, wani lokaci daga masai ne yake tsiyaya. Sai an kai lab, ɗakin gwaji."

Ranar Litinin na nemi izini a makaranta. Mama ta karɓo kwalabe biyu da aka tafasa aka rufe daga wani ɗakin gwaji mai zaman kansa, inda wata da ta koya wa aiki take. Ta hana ni taɓa bakin kwalaben. Ita ta cika ɗaya daga guga, ɗaya daga jarkar mai kura lokacin da ya kawo ruwan safe. Muka sa su a kula da ƙanƙara, muka hau keke napep.

Ma'aikaciyar ɗakin gwajin, mace mai fara'a da farar riga, ta rusuna ta gaida Mama, ta karɓi kwalaben ta liƙa musu takarda. Mama ta ce ta duba mini mitar. Ta ɗauko wata kwalba daga kan tebur, ta ce ruwan gishiri ne da aka haɗa da awo, an san lambarsa, ga ta nan a rubuce a jiki: ɗari uku da arba'in da biyu. Ta ɗauraye bakin mitata, ta tsoma, ta jira. Ɗari uku da casa'in.

"Tana ƙara kusan hamsin a nan," ta ce. "Ba laifinka ba ne, Malam, da yawa haka suke zuwa. Wasu kuma ragewa suke yi."

Ta juya wani ɗan ƙaramin noti a bayan mitar da siririn sukundireba har lambar ta sauko daidai. Ta ce ko bayan saitin kada in ɗauki 'yan lambobin ƙarshe da muhimmanci, za su riƙa hawa da sauka. In batir ya yi sanyi za ta yi ƙarya, in gishiri ya bushe a kan ƙarafan za ta yi ƙarya, kuma in na tsoma mita biyu na kamfani daban-daban a kofi ɗaya ba lallai su yarda da juna ba, don kowane da irin lissafinsa. Na tambaye ta su yaya suke yi. Ta ce in ana son ainihin awo, ƙafar da ruwan suke yi a wuta, su ɗora abin da ya rage a sikeli. Na ƙwayoyin cuta kuwa sai an ba su kwana su tsiro, ba abin da za a sani yau.

Kwana uku muka jira. A kwanakin Mama ta ce duk ruwan da za a sha a gidan a tafasa shi, ko na waye.

Ranar Alhamis na karɓo takarda, na wuce gidan Mama ta karanta mini, don rabin kalmomin ban san su ba. Abin da ya narke a ruwan rijiyarmu bai kai iyakar da aka sa wa ruwan sha ba, kuma yawancinsa daga dutsen da ruwan ke ratsowa yake. Shi ke hana sabulu kumfa. Amma rijiyar ba ta fita tsaf ba, an sami ƙwayoyin cuta kaɗan a ciki. Na mai kura kuwa, mai lamba sittin da huɗu, ƙwayoyin da ke cikinsa sun ninka na rijiyar sau da yawa.

Na tambayi Mama ko shi ya ba Inna ciwon ciki. Ta ce ba wanda zai rantse, ciwon ciki hanyarsa da yawa. Na san sassauta mini take yi.

Daga can na wuce gida. Na sami Inna tana tsince shinkafa a faifai. Na durƙusa, na ajiye makullin a gefen tabarma.

"Inna, na yi kuskure. A gafarce ni."

"Allah ya yafe mana baki ɗaya," ta ce, ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da tsintar. Na ɗauka maganar ta ƙare, har na fara gyara zama. Sai ta ce, "Ciwon cikin bai dame ni ba. Yarinyar gidan mai nama ce ta haihu a satin farko. Uwarta ta shigo da kanta neman ruwan wankan jego. Na ce mata ba ni da makulli." Ta cire wata tsakuwa ta yar. "A gidan mijina."

Na zauna har ta gama tsintar shinkafar, na ɗauki faifan na kai mata madafa.

Washegari na jira mai kura. Na yi ta tunanin yadda zan faɗa masa, don bai yi mini ƙarya ba, ni na tare shi a hanya. Na nuna masa takardar, na yi masa bayani gwargwadon abin da na fahimta. Ya saurara yana riƙe da hannun kurar.

"Malam, ni ma shi nake sha," ya ce. "Iyalina ma shi suke sha. Zo ka gani, ruwa ne mai kyau."

Na bi shi. Mun yi tafiya mai ɗan nisa, muka gangara wajen rafi. Rijiya ce gajera a gefen lambun kabeji, ba murfi, ba siminti, bakinta daidai da ƙasa. Ruwan garau yake kamar yadda ya faɗa. Amma a saman gangaren akwai bayan gidaje a jere, kuma kowa da gugansa yake zuwa, ya yar a ƙasa, ya ɗauka ya jefa. Na nuna masa. Ya daɗe yana kallon gidajen, kamar ranar ya fara ganinsu.

Da na ba Inna labari ta ce a gaya masa ya riƙa zuwa rijiyarmu bayan mata sun gama, sahu biyu a rana, iya abin da rijiyar za ta ɗauka da rani. Sauran sahun ban san inda ya riƙa ɗebowa ba. Ya dai ce mini a gidansa an koma tafasawa.

Mama ta zagaya bakin rijiyarmu da sanda tana ƙwanƙwasa simintin. A gefen da ake wanki ta sami tsaga mai tsawon kamu biyu, inda ruwan wanki ke taruwa ya koma ƙasa. Na kira magini ya fasa wajen, ya sake zuba siminti mai gangara, ya ja kwata zuwa waje. Aka mayar da wajen wanki can kusa da zaure. Aka kafa ƙarfe aka rataye guga ɗaya, aka ce da shi kowa zai ja, kuma ba a ajiye shi a ƙasa. Wannan dokar ce ta fi wuya. Matan layin sun yi kwanaki suna zuwa da nasu gugan, Inna na cewa daga kan kujerarta, "A rataye wancan, a ja da na gida." Mama da kanta ta auna maganin kashe ƙwayoyin cuta ta zuba, aka bar rijiyar ta kwana, aka kwashe ruwan har warin ya tafi. Bayan sati biyu muka sake kai kwalba ɗaya. Ta fito da kyau.

Na so in jefa mitar a durowa in manta da ita. Mama ta hana. Ta ce abu ɗaya ta iya, kuma ta iya shi: in ruwan da ka sani ya canza, za ta gaya maka ya canza, ko da ba za ta gaya maka dalili ba. Ta ce in riƙa gwada rijiyar a lokaci ɗaya da safe, daga guga kai tsaye, in ɗauraye bakin mitar kafin da bayan. In ruwan sama ya sauka in sake gwadawa. In lambar ta yi tsalle sosai, sama ko ƙasa, to ruwan bisa yana samun hanyar shiga, gyaran bai kama ba.

A farkon Afrilu na gwada sau biyu, ɗari uku da arba'in, ɗari uku da talatin da takwas. Ruwan farko mai ƙarfi ya sauka wata Talata da la'asar, har da ƙanƙara, ya cika kwatocin Daɗin Kowa. Da safe na biya ta gida kafin makaranta. Tsakar gidan ta jiƙe sharkaf, sabon simintin ya kore ruwan zuwa kwata. Na ja guga na gwada. Ɗari uku da talatin da ɗaya. Na kira Mama a waya.

"Ya ragu da bakwai," na ce.

"Bakwai ba komai ba ne, ɗana. Mitan da kansa yana iya kuskuren bakwai. Ka sake gwadawa jibi, ruwa yana ɗaukan lokaci kafin ya sauka ƙasa. Kuma ka gaya wa Hajiya kar ya daina tafasa na sha har damina ya wuce."

Na gaya wa Inna. Ta ce ta ji, butar ma tana kan wuta. Yayyafi ya sake farawa, na duba agogo na ga saura minti ashirin a shiga aji, na yi mata sallama na fita neman keke.